Gizo-gizo mai tsalle, kifin ado ko kanari: wanne ya dace da ɗakin haya a Legas?

Wanda yake zaune a ɗaki ɗaya ko ciki da falo a Agege, Idi-Araba ko Obalende, in sha'awar kiwo ta taso masa, ko yara suka matsa masa lamba, zaɓin da ke gabansa ba shi da yawa. Akuya da kaji sai mai fili. Tantabara tana son rufin da mai gida zai yarda a kafa mata ɗaki, mage kuma sai da yardar maƙwabtan da ake haɗa baranda da madafa da su. Abin da ya rage, wanda zai zauna a kan tebur ko a gefen taga, guda uku ne: kifin ado a cikin gilashi, tsuntsu a keji, sai wani da mutanenmu ba su saba jin an kira shi abin kiwo ba, wato gizo-gizo mai tsalle. A ganina na ukun nan ya fi dacewa da yawancin ɗakunan hayarmu. Amma ba kowane gida zai karɓe shi ba, kuma akwai wuraren da kifi da tsuntsu suka yi masa fintinkau.

Da an ce gizo-gizo, abin da ke zuwa zuciya shi ne mai dogayen ƙafafun nan da ke cika kusurwar silin da yana. Wannan daban ne. Gajere ne, curarre, mai gashi-gashi, galibi girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Ba ya saƙa tarko ya zauna jira, da rana yake yawo a jikin bango yana farauta da ido. Masana suna kiran danginsa Salticidae, an kuma ƙidaya ire-irensu sama da 6,000, saboda haka babu dangin gizo-gizo da ya kai su yawa a duniya. Idanunsa takwas. Biyun gaba manya ne ƙwarai, da su yake tantance siffa da launi da nisa, sauran kuma suna kama motsi ta gefe da ta baya. Ba da ƙarfin tsoka yake tsalle ba: ruwan jikinsa yake tunkuɗawa cikin ƙafafun baya su miƙe farat ɗaya, sai ka ga ya dira a nisan da ya ninka tsawonsa sau da yawa. Kafin ya tashi kuma sai ya liƙa zare a inda yake tsaye, in ya kuskure ya rataya ya hawo abinsa.

In kana son ganinsa, duba bangon da rana ke haskawa da hantsi, ko kusa da ƙwan lantarkin baranda inda ƙwari ke taruwa. Kai yatsanka kusa da shi a hankali. Yawancin gizo-gizo gudu suke yi. Shi kuwa juyowa zai yi gaba ɗaya, ya ɗaga gaban jikinsa, ya zuba maka manyan idanun nan, 'yan hannuwan da ke gefen bakinsa suna kaɗawa sama da ƙasa. Ka matsa hagu ya bi ka, ka koma dama ya juyo. Ɗan maƙwabcina da na nuna wa haka sai ya riƙe mini hannun riga yana cewa, "Kawu, wallahi ni yake kallo." Shi ɗin kuwa yake kallo. Wannan juyowar ce ta sa mutane a ƙasashe da dama suka kamu da son ajiye shi.

Mu fara da wuta da ruwa, tunda su ne suke juya rayuwar kowa a garin nan. A nan kifi ya fi wahala. Masu sayar da kifin ado sukan miƙa wa mutum jan kifin nan da ake kira golfish a cikin 'yar kwalba zagayayya, mai saye ya ɗauka nan ne gidansa. Alhali golfish kifi ne mai girma, mai yawan kashi, wanda kan wuce shekara 10 in ya samu ruwa mai faɗi da na'urar tacewa da famfon iska, kuma ya fi son ruwa mai ɗan sanyi a kan ɗumin ɗakunanmu. A ƙaramar kwalba kashinsa yakan gurɓata ruwan cikin 'yan kwanaki, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai, sai a wayi gari a gan shi a sama yana haki. In aka ɗauke wuta dare guda famfo ya tsaya, abin ya ƙara muni. Wanda ya nace sai kifi, gara ya nemi beta, ɗan asalin ƙasar Tailan, mai baza jela da launi. Shi yana iya ɗago baki ya shaƙi iska daga sama, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta kashe shi nan take, ɗumin Legas kuma daidai yake da abin da yake so. Duk da haka yana bukatar ruwa kamar lita 20, a riƙa canza wani kaso duk mako, kuma ba a haɗa maza biyu wuri ɗaya, don faɗa za su yi har su yi wa juna illa. Ga kuma ruwan da kake saya wurin mai ruwa: in na famfo ne mai sinadarin kulorin, sai an sa masa maganin da ke kashe sinadarin kafin a zuba wa kifi.

Kanari bai damu da wuta ba, ruwansa kuma ɗan kaɗan ne, a canza masa kullum. Gizo-gizo ya fi shi sauƙi ma, ɗigo biyu ko uku a jikin robar da ake ajiye shi a ciki sun ishe shi sha. Abin da yake nema shi ne haske, domin da ido yake cin abinci. In ɗakinka irin mai duhun nan ne da ke tsakiyar layi, wanda tagarsa ke kallon bangon gidan gaba, sai ka riƙa kunna masa 'yar fitilar caji da rana.

Inda gizo-gizo ya fi kowa rauni shi ne maganin sauro, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina. Duk abin da aka yi don kashe ƙwari yana kashe shi: maganin feshi, fiya-fiya, koyil ɗin da ake kunnawa da dare, har da gidan sauro mai magani irin wanda ake rabawa a asibiti, domin da maganin ƙwari aka haɗa zarensa. Kada a yanki gidan sauro a rufe masa bakin roba da shi, kada kuma robar ta riƙa taɓa shi. Ba zan taɓa ce wa kowa ya sassauta kare iyalinsa daga sauro saboda ɗan gizo-gizo ba. Wanda gidan sauro kawai yake amfani da shi, ya sa robar nesa da gado, shi ke nan. Wanda yake feshi jefi-jefi, ya fitar da robar kafin ya fesa, kada ya dawo da ita sai ɗakin ya sha iska kwana ɗaya ko biyu. Wanda kuwa kullum sai ya kunna koyil ko ya yayyafa fiya-fiya kafin a kwanta, ya haƙura da wannan kiwon. Kada kuma ya zaci kanari zai tsira a ɗakin nan. Huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi, ko na koyil ne, ko na janaretan maƙwabci da ke ƙarƙashin taga, ko ma turaren wutan da uwargida ke sawa in ya yi yawa a rufaffen ɗaki. Kifi ma feshin da ya sauka a ruwansa guba ne gare shi, sai dai shi ana iya rufe tankinsa a kashe famfon iska har warin ya wuce. A irin wannan gida, kifi ne dama-dama.

Wani zai ce ai gizo-gizon zai rage sauro. Yana cin sauro, haƙiƙa. Akwai ma wani irinsa a yankin Tafkin Biktoriya, wajen Kenya da Yuganda, mai suna Evarcha culicivora, wanda ya fi son macen sauro da ta riga ta sha jini a kan kowane abinci. Amma guda ɗaya a cikin roba ba zai kare kowa daga zazzaɓi ba, kada a dogara da shi.

A wajen abinci, kanari da kifi sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Gero yana nan a kasuwar Agege da Mile 12, ka haɗa da ɗan ganye, ka gama. Illarsa ɗaya: tsuntsu yana watsa ƙaiƙayi da hatsi a ƙasa, in ba a share kullum ba ɓera da kyankyaso za su mai da ƙarƙashin kejin wurin zuwansu. Abincin kifi a gwangwani yake, sai dai a kiyaye yawan zubawa, don ragowar ce ke ruɓar da ruwa. Gizo-gizo mai tsalle kuwa abu mai rai yake so, wanda ke motsi: ƙuda, sauro, faɗa-wuta, ƙaramin gyare, ko shinge a farkon damina. Kada abincin ya fi shi girma. Kada a ba shi tururuwa ko cinnaka, suna iya cizonsa. Kada kuma a kamo masa ƙwaron da aka tsinta yana magagi a ɗakin da aka yi feshi. Hanya mafi tsabta ita ce ka sa ɓawon ayaba ko abarba a wata roba daban, ka bar bakinta a buɗe a baranda. Ƙananan ƙudajen nan masu jan ido za su zo su yi ƙwai, daga nan kuma ba ka rasa abin ba shi. Sau ɗaya a kwana biyu ko uku ya wadatar. Cikinsa ne ma'auni: in ya yi tumbi fam, ka dakata, in ya motse, yunwa yake ji ko ƙishi.

Ciyarwar nan, wadda ita ce wahalar, ita ce kuma daɗin abin. Ka saki ƙuda a robar. Gizo-gizon yana can sama, sai ka ga ya tsaya cak, ya juyo, ya saita idanu. Ba zai afka nan take ba. Zai sauko a hankali, ciki a ƙasa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma ya zagaya ta bayan ganye don ya ɓullo wa ƙudan ta inda bai zata ba. In ya rage ɗan taƙi sai ya dakata, ya tattara ƙafafu, kafin ka ƙifta ido ƙudan yana bakinsa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya koyi abin da ba zai manta ba game da halittar Ubangiji. Amma na san akwai wanda zuciyarsa ba za ta iya jefa ƙwaro mai rai a cinye shi yana kallo ba. Irin wannan mutum bai yi laifi ba, kanari ne nasa.

Sai abin da na fi ba muhimmanci, wanda yawancin masu sayen abin kiwo ba sa tunawa sai lokaci ya ƙure: tafiya gida. Mu mazauna Legas, da yawanmu ƙafarmu ɗaya tana Arewa. Sallah ta zo, ko biki, ko rasuwa, ko a koma noma da damina, sai a kulle ɗaki a kama hanyar Kano mai kimanin kilomita 1,000, ko Sakkwato, ko Maiduguri, a yi makonni. Wa zai kula da abin da ka bari? Kanari ba ya jure ko kwana biyu ba ruwa ba abinci, dole ka samu amintaccen da zai karɓe shi da kejinsa. Tankin kifi ba ya ɗaukuwa da ruwansa, sai dai ka bar wa wani mabuɗin ɗakinka, ka kuma yi fatan ba zai cika wa kifin abinci don tausayi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan lissafin tun kafin saye ake yinsa. Gizo-gizon da ya ƙoshi yana iya yin mako guda ba a ba shi komai ba in akwai danshi a robarsa. In tafiyar ta fi haka, kuma a bangon gidanku ka kama shi, sai ka buɗe murfi ka mai da shi inda ka ɗauko shi ya ci gaba da rayuwarsa. Ba ka ɗora wa kowa nauyi ba, ba ka bar wani rai a kulle yana jiranka ba. Duk wanda ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, ya san wannan ba abin wasa ba ne. Ajiye ƙaramar halitta ba laifi ba ne a karan kansa. Malamai sukan kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Sharaɗin shi ne a ba ta haƙƙinta, kuma a cikin ukun nan gizo-gizon bango ne kaɗai kake iya mayar wa 'yancinsa a ranar da ka ga ba za ka iya ba.

Ta fuskar shaƙuwa da tsawon rai kuwa, tsuntsu ne gaba. Kanari yakan kai shekara 10, yana rera kuka da safe, yana sabawa da mai ba shi abinci. Beta yakan yi shekara 2 zuwa 4. Gizo-gizo mai tsalle shekara ɗaya ne zuwa biyu, namiji ma bai cika kaiwa haka ba, kuma wanda ka kama a bango ba ka san watanni nawa ya riga ya ci ba. Zai iya sabawa da hannunka har ya hau da kansa, amma ba abin runguma ba ne, ba kuma abin da za a bar wa yaro ɗan shekara uku ba. In yaronka mai saurin ƙulafuci ne, ka gaya masa tun farko cewa baƙon nan ba mai daɗewa ba ne. Wanda ke harin aku kuma ya sani cewa tun taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da aka yi a Johannesburg a 2016 aka saka aku mai launin toka a jerin dabbobin da aka hana cinikin na dajinsu tsakanin ƙasashe, saboda kamun da ake yi musu ya kusa ƙarar da su a wurare da dama. Yana kuma iya rayuwa shekara 40 ko fiye. Wannan ba kayan ɗaki ɗaya ba ne.

Saura tsoro. Uwargida za ta ce, "Malam, tautau fa? Ka manta yana yi wa mutum fitsari fata ta saluɓe?" Ƙurajen nan masu kama da ƙuna da ake ɗora wa gizo-gizo, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, Paederus, wanda ke zuwa wajen fitila da damina, in aka murje shi a jiki, ruwan cikinsa ne ke ƙona fata. Gizo-gizo mai tsalle yana da dafin da yake kama ƙwari da shi, amma ba ya cizon mutum sai an matse shi, in ma ya ciza abin bai cika wuce ɗan ja da ƙaiƙayi ba. Wanda ya ga kumburi ya yi yawa ya je asibiti, kamar yadda zai yi a kan kowane cizo. Duk da haka, in mai ɗakinka ta ji bayani ta ce har yanzu ranta bai kwanta ba, kada ka tilasta. Ɗakin nata ne ita ma.

To, in an tsai da shawara a kan gizo-gizo, na gida ko na waje? Wanda ake yawan gani a bidiyon TikTok da Instagram, mai girma, mai baki kore yana ƙyalli, shi ne Phidippus regius, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka, musamman Fulorida, da wasu tsibiran Karebiyan. Macensa takan kai milimita 22, wato ta ninka namu. Ya fi daɗin kallo, ya fi natsuwa a hannu, kuma tunda a hannun masu kiwo ake ƙyanƙyashe shi, ana sanin shekarunsa. Amma kuɗinsa da na jigilarsa da kuɗin waje ake lissafa su, shigo da halitta mai rai ƙasar nan sai da izinin NAQS, hukumar da ke tantance dabbobi da tsirran da ake shigowa da su, ga haɗarin ya mutu a hanya, ga masu karɓar kuɗi a intanet su ɓace. Babbar illarsa ita ce ba ya sakuwa. Baƙon iri ne, bai kamata a sake shi a muhallin da ba nasa ba, don haka in ka saye shi ka ɗaure kanka da shi har ƙarshen ransa, fa'idar nan ta ranar tafiya ta faɗi ke nan.

Namu na bango kyauta ne, kuma sun saba da zafi da laimar garin. Uku ne aka fi cin karo da su a gidajen ƙasashe masu zafi irin namu. Plexippus paykulli ya fi su girma, yakan kai milimita 9 zuwa 12, namijin baƙi ne da farin zane a tsakiyar baya. Menemerus bivittatus ruwan toka ne, jikinsa a shafe, yana manne da bango. Hasarius adansoni ƙarami ne, namijin ana gane shi da fararen hannuwan gefen baki da yake ta kaɗawa. Ni na farkon nake ba mai farawa shawara, don ya fi sauƙin gani da ciyarwa. A kama shi da kofi da 'yar takarda, kada a sa yatsa. A bangon gida ko shago za a nema, ba a wurin da aka keɓe don kare halittu irin Lekki Conservation Centre ba.

Gidansa ba ya cin kuɗi. Robar alawa mai haske, wadda ta kai lita ɗaya ko biyu, a wanke ta tas. A kifa ta, murfin ya koma ƙasa, domin a can sama yake saƙa 'yar jakar da yake kwana a ciki, in murfi yana sama kullum ka buɗe sai ka yaga masa ɗaki. A huda ƙananan ramuka da allura mai zafi a ɓangarori biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. A Legas ba bushewa ce matsala ba, fumfuna ce. Robar da ba ta shan iska za ta yi gumi ta ruɓe, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. A sa busasshen reshe da ganye ɗaya ko biyu don hawa da ɓuya. Kada a sa kofin ruwa, a ƙarƙashin cikinsa yake numfashi, yana iya nutsewa. A ɗiga ruwa a jikin robar ko a sa 'yar jiƙaƙƙiyar auduga, a ƙara yawan yi in hunturu ya leƙo a Disamba da Janairu. A ajiye ta kusa da taga amma ba inda rana ke duka kai tsaye ba, don roba tana ɗaukar zafi da sauri. A ɗora ta a kan wani abu a tsakiyar faranti mai ruwa saboda kiyashi, su ne manyan maƙiyansa tare da tsaka. Guda ɗaya ake sawa a roba, in aka haɗa biyu ɗaya zai cinye ɗaya.

Da dare zai shige jakarsa ya yi lamo. A 2022 wata masaniya a Jami'ar Konstanz ta Jamus, Daniela Rößler, da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya nuna 'ya'yan wani irin gizo-gizo mai tsalle suna shiga wani yanayi da dare, cikin idanunsu na motsi, ƙafafunsu na zabura lokaci-lokaci, mai kama da matakin barcin da mutum ke mafarki a cikinsa. Saboda haka a kashe masa fitila da dare, a bar shi ya huta.

In ka ga ya rufe kansa a jaka mai kauri kwana da kwanaki ya ƙi cin abinci, kada ka tona. In ƙarami ne, saɓa yake yi, sabuwar fatarsa tana da laushi, ko gyare yana iya kashe shi a lokacin, don haka ka cire duk ƙwaron da ke ciki, ka ci gaba da ɗiga ruwa kawai, sai ya fito da 'yan kwanaki ka koma ba shi abinci. In babbar mace ce, mai yiwuwa ƙwai ta yi, domin wadda aka kama a bango galibi ta riga ta sadu da namiji. Macen Plexippus takan yi ƙwai 35 zuwa 60, ta zauna gadinsu mako uku zuwa huɗu. Renon wannan adadi yana bukatar roba ga kowane ɗaya da ƙananan ƙudaje masu yawa, ba aikin mai farawa ba ne. Da ka ga 'ya'yan sun fara fitowa, ka kai robar inuwa kusa da bangon da ka kamo uwar, ka cire murfin, ka bar ta a nan su watse da kansu.